Kurakuran da ke lalata samful da lup a situdiyoyin Sakkwato

Matasa da yawa da ke haɗa kiɗa a Sakkwato da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, suke aiki, kuma da dama sun fara ɗaukar sautin kalangu, kotso ko gurmi da kansu maimakon dogaro da wanda kowa ke saukewa daga intanet. Guntun sautin da aka ɗauka shi ake kira samful, wanda ake ta maimaitawa a cikin kiɗa kuma shi ne lup. Wannan yunƙuri abin farin ciki ne. Sai dai sau da yawa aikin kan lalace tun wurin ɗauka.

Fanka na juyawa, janareta na ruri a bayan ɗaki, an kuma ƙure makirufo har ma'auni ya yi ja. Sautin da ya haura 0 dB, wato iyakar ma'aunin ƙarfin sauti, ya fashe ke nan, gyara ba ya mayar da shi yadda yake. Ka kashe fanka ka jure zafin na ɗan lokaci, ka bar bugu mafi ƙarfi ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB, ka adana a WAV, nau'in fayil da ba ya matse sauti. In ta WhatsApp za a turo maka, a turo shi a matsayin fayil, domin saƙon murya matse sauti yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi wa kiɗan bayan makaɗi ya tafi. Mai kalangu yakan ɗan ja bugu, ya matsa tsarkiya a hammata, muryar ta hau ta sauko, kuma a nan daɗin yake. Sai mai haɗawa ya daddatsa kowane bugu ya jera shi cif kan layukan da manhaja ke auna lokacin bugu da su, kiɗan ya fito a sandare. Ga shi kiɗanmu da yawa tafiyar uku-uku yake yi, alhali manhajar a 4/4, wato tafiyar huɗu-huɗu, take buɗewa. Ka fara gano saurin lup ɗin, ka saita BPM (yawan bugu a minti ɗaya) na aikinka a kansa, ka mayar da layukan zuwa uku-uku in haka kiɗan yake. In dole sai ka ja lup ɗin don ya dace da saurin aikinka, zaɓi saitin Stretch don kada muryarsa ta canza, kuma kar ka ja da nisa. Mafi sauƙi, sa wa makaɗin abin ji a kunne ya bi saurin tun farko.

Sannan batun murya. FL Studio na ɗaukar duk samful da ka saka a matsayin C5, wato wata murya guda a jerin muryoyin fiyano, ko da gurmin a wata murya aka ɗaure shi. Shi ya sa yake karo da fiyano. Auna shi, ka gyara tushen muryar a saitin samful. Ka tuna fata na ɗamewa da hunturu ta saki da damina, don haka kalangu ɗaya na iya ba ka murya biyu.

Ƙarar "ƙas" da kake ji duk sanda lup ya zagayo, yanka ne bai yi daidai ba. Ɗan lafar da bakinsa da ƙarshensa.

Kar ka kwafi fayil ɗin aiki shi kaɗai zuwa wata kwamfuta, domin sautukan ba sa binsa. Fitar da shi a zip, wato ƙunshi ɗaya da ke haɗa aikin da sautukansa.

Yanko daga tsofaffin kaset-kaset na makaɗan fada kuwa, haƙƙin mutane ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana aiki. YouTube na iya gane sautin ya toshe waƙar ko ya karkatar da kuɗinta. Nemi izinin masu haƙƙi a rubuce, ko ka kira makaɗi ka biya shi, ku yi yarjejeniya kan inda za ka yi amfani da abin da ya kaɗa.