Yadda Ake Shirya Tafiyar Jirgin Ruwa Zuwa Antaktika ko Aktik

Tafiyar jirgin ruwa zuwa ƙurewar kudu ko ƙurewar arewa ta duniya ta sha bamban da yawon da manyan jiragen shaƙatawa ke yi daga tashar wannan birni zuwa ta wancan. A mafi yawan wuraren da ake zuwa babu tasha, babu gari, babu ko matakala. Jirgi yakan tsaya ne nesa da gaɓa, a sauke ƙananan kwalekwalen roba masu inji da ake kira Zodiac, a riƙa ɗibar mutane goma-goma ana kai su tudu. Tun daga 1966, lokacin da ɗan kasuwar yawon buɗe ido Lars-Eric Lindblad ya fara kai masu yawon buɗe ido Antaktika, sauka tudu ita ce ginshiƙin harkar, saboda haka abin da ya kamata mai niyyar tafiya ya riƙa auna kowane zaɓi da shi shi ne yawan sa'o'in da zai yi a wajen jirgi.

Abu na farko shi ne a yanke shawara tsakanin kudu da arewa, domin ba a lokaci ɗaya ake zuwa ba, kuma ba abu ɗaya ake gani ba. Ana zuwa Antaktika daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin zafin kudancin duniya, kuma can ne ake ganin tsuntsayen fengwin da manyan duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku. Ana zuwa Aktik daga wajen Mayu zuwa Satumba, wato tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe da Girinlan da arewacin Kanada, kuma can ne mazaunin farin beyar da walrus, wata ƙatuwar dabbar teku mai dogayen haure. Babu fengwin a arewa, babu farin beyar a kudu. Akwai kuma bambancin mutane: Antaktika ba ta da 'yan ƙasa, sai ma'aikatan tashoshin bincike, alhali a Girinlan da Kanada jirgi kan tsaya a garuruwan al'ummar Inuit, inda ake bukatar ladabin baƙunta, kamar neman izini kafin a ɗauki hoton mutum.

Bayan wannan sai zaɓen jirgi, kuma a nan ne ya fi dacewa a ɓata lokaci, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa bayan an bar tasha. Ƙungiyar IAATO, wadda kamfanonin da ke kai mutane Antaktika suka kafa a 1991, tana da ƙa'idoji uku da ya kamata kowane mai sayen tikiti ya sani. Jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 500 ba ya sauke kowa a tudu, sai dai a yi kallo daga saman jirgi. Ba a yarda fasinja fiye da 100 su kasance a tudu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Kuma dole a samu ja-gora ɗaya ga kowane mutum 20. Lissafin da ke biyo baya a fili yake: jirgi mai mutum 100 zai sauke kowa a karo ɗaya, sau da yawa safe da yamma, mai mutum 200 zai raba su gida biyu, rabi a tudu rabi suna zagaye a kwalekwale, mai mutum 400 kuwa sai dai a yi layi, kowane rukuni ya samu ɗan abin da ya samu. Bugu da ƙari, wasu wuraren sauka a rufe suke ga duk jirgin da ya haura mutum 200.

A ganina jirgin da bai wuce mutum 200 ba shi ne zaɓin wanda ya je don ganin ƙasa, ko da ɗakinsa ya fi ƙanƙanta kuma abincinsa bai kai na babban jirgi ba. Tallar kamfanoni takan cika da hotunan ɗakin cin abinci da baranda da wurin wanka, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai rama saukar da aka rasa. Dokar arewa ma ta karkata zuwa wannan ɓangare, domin daga 1 ga Janairu 2025 Norwe ta hana jirgi mai fasinja fiye da 200 shiga yankunan Svalbard da aka keɓe don kare halittu, ta kuma taƙaita saukar masu yawon buɗe ido a waɗannan yankuna zuwa wurare 43.

Kafin a biya kuɗi a tabbatar kamfanin ɗan ƙungiyar IAATO ne idan kudu za a nufa, ko ƙungiyar AECO idan arewa ce, sannan a tambayi matakin ƙarfin jikin jirgin wajen jure ƙanƙara. Wannan tambaya ba ta ƙaƙale ba ce. A Nuwamba 2007 jirgin Explorer ya huje a cikin ƙanƙara ya nutse kusa da tsibiran Shetland ta Kudu, ko da yake an ceto dukkan mutum 154 da ke cikinsa, kuma tun daga 2017 akwai dokar ƙasa da ƙasa ta musamman da ta tanadi sharuɗɗan jiragen da ke shiga ruwan yankunan biyu. A tambayi kuma abin da kuɗin tikiti ya ƙunsa, domin wasu kamfanoni suna haɗawa da kwanan otal da jirgin sama na cikin gida, wasu kuwa sai an biya daban, haka ma tuƙa ƙaramin kwalekwale da kwana a kan ƙanƙara. Kuɗin tafiyar ba kaɗan ba ne, cikin sauƙi yakan haura dala 10,000 ga mutum ɗaya.

Mafi yawan jiragen Antaktika suna tashi ne daga Ushuaia, a ƙarshen kudancin Ajantina, su yi kimanin kwana biyu suna ƙetare Mashigin Drake, wanda ya shahara da haukan igiyar ruwa. Tafiyar da aka fi yi tana cin kwana 10 zuwa 12, amma idan aka cire kwana huɗu na zuwa da dawowa, da ranar hawa jirgi da ranar sauka, abin da ya rage na Antaktika kanta kwana huɗu ne zuwa shida, don haka kada yawan kwanakin da ke jikin talla ya ruɗi mai saye. Wanda ke tsoron teku zai iya hawa jirgin sama daga Punta Arenas a ƙasar Cile zuwa tsibirin King George da ke kusa da gaɓar Antaktika cikin kimanin sa'a biyu, ya tarar da jirgin ruwa a can, sai dai ya fi tsada, kuma hazo kan hana tashi har a yi asarar yini ko fiye. Mai wadatar lokaci da kuɗi ya duba doguwar hanya ta wajen mako uku da ke bi ta tsibiran Falkland da Jojiya ta Kudu, inda dubban manyan fengwin ke cika gaɓa, inda kuma kabarin Ernest Shackleton, shahararren mai binciken Antaktika, yake a Grytviken.

Wata ma yana da tasiri. A Nuwamba dusar ƙanƙara tana nan fara tas, tsuntsaye suna haɗa sheƙa. A Disamba da Janairu ake ƙyanƙyasa. A Fabrairu da Maris kifayen wel suka fi yawa.

Batun takardu yana bukatar a fara da wuri, musamman ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar. Antaktika ba ta da biza, izinin shiga a hannun kamfani yake, amma ana bukatar bizar ƙasar da za a hau jirgi. Svalbard ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, amma da yake ta Norwe ake bi a je Longyearbyen, babban garin Svalbard, a kuma dawo, dole bizar Shengen ɗin ta kasance mai izinin shiga sau biyu. Girinlan kuwa bizar Shengen ta yau da kullum ba ta isa ba, sai wadda aka rubuta cewa ta shafi Girinlan. Kamfanoni suna neman takardar lafiya da inshorar da za ta biya kuɗin kwashe mara lafiya ta jirgin sama, kuma a karanta sharuɗɗan inshorar a tabbatar ta ambaci yankin da za a je. A isa garin tashi da kwana ɗaya ko biyu a hannu, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jakarsa ta maƙale a Buenos Aires, babban birnin Ajantina.

Sanyin bai kai yadda ake zato ba. A lokacin da ake zuwa, ma'aunin zafi a zirin Antaktika, wato siririn yankin da ya miƙo wajen Kudancin Amurka, yakan tsaya kusa da sifiri, abin da ke wahalar da mutum shi ne iska da jiƙewa. Dabarar ita ce sutura hawa uku: ta jikin fata ta ulu ko ta zaren roba, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, da ta waje mai hana ruwa da iska. A guji auduga, domin idan ta jiƙe da gumi ba ta bushewa da wuri. Wando mai hana ruwa wajibi ne a cikin kwalekwale, tun da ana sauka ne cikin ruwa mai kai idon sawu ko fiye. Yawancin jirage suna ba da aron dogon takalmin roba, wasu har da kyautar babbar rigar sanyi. A tafi da safar hannu biyu, da tabarau mai tare hasken rana, da man kare fata, domin hasken da ƙanƙara ke mayarwa yana ƙona fuska ya kuma cutar da ido ko wane launi ne fatar mutum. Maganin jiri da amai kuwa a nemi shawarar likita tun a gida, a kuma sha shi kafin jirgi ya shiga buɗaɗɗen teku.

A tudu maganar madugun tafiya ita ce doka. Kafin saukar farko za a sa kowa ya kakkaɓe aljihu da jaka da na'urar zuƙe ƙura don kada a kai irin ciyawa na wata ƙasa, kuma ana wanke takalmi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kowace fita da dawowa. Ba a kusantar dabba ƙasa da mita 5, ba a ɗaukar ko da tsakuwa, ba a kai abinci tudu. Saboda murar tsuntsaye, wadda ta isa Jojiya ta Kudu a 2023, an hana zama da durƙuso da ajiye jaka a ƙasa kusa da dabbobi. A Svalbard ja-gorori suna riƙe da bindiga, ana soke sauka da zarar an hango farin beyar, kuma doka ta ce a ba shi tazarar mita 300, ko 500 daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni, don haka mai son hotonsa ya tanadi kyamara mai jawo nesa da madubin hangen nesa. Jadawalin da aka buga niyya ce kawai, kyaftin da madugu suna sauya shi bisa ga iska da ƙanƙara, wani lokaci sau biyu a yini, kuma ba a mayar da kuɗi saboda an rasa wani wuri.

Musulmi yana da ƙarin shiri guda. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 22 ga Agusta, a zirin Antaktika ma dare a Disamba bai wuce ɗan duhu-duhu ba. Malamai sun yi fatawar a ƙaddara lokutan salla, ko dai bisa ga gari mafi kusa da ke da dare da rana a rarrabe, ko bisa ga lokutan Makka, saboda haka a tambayi malami tun kafin tafiya, a rubuta jadawalin a takarda domin intanet ɗin jirgi ba abin dogaro ba ne. A waɗannan shekaru azumin Ramadan yana faɗowa cikin lokacin zuwa Antaktika, sai a duba kalanda kafin a zaɓi wata. Bukatar abincin halal kuwa a rubuta ta a takardar rajista makonni kafin tashi, domin a tasha ake loda dukkan kayan abincin jirgi, kuma babu inda za a ƙaro a hanya.