Keke mai giya a Damagaram: shawara ga wanda ya sauka kwanan nan

Ɗan uwan da ya tsallako daga Kano ko Daura ya sauka Damagaram, ko karatu ya kawo shi Jami'ar André Salifou ko neman halali, ba ya sati biyu sai ya fara lissafin kuɗin kabu-kabu, wato acaɓa a bakin mutanen nan. Yau Zango, gobe Birni, jibi Kasuwar Dole, sefa tana zurarewa kamar ruwa a kwando. Daga nan sai zuciya ta raya masa ya sayi keke, kuma ido kan faɗa ne kan mai giya, mai ƙaton taya, irin wanda aka ƙera don hawan tsauni. Shawara ce mai kyau, domin garin nan da ka sauka daga kwalta sai rairayi, unguwar Birni kuma ga duwatsu. Amma mai araha iri-iri ne, kuma na ɗanɗana kuɗata kafin na gane haka.

Na farko da na saya sabo ne fil a leda, fenti yana walƙiya, giya 21, shokazoba gaba da baya. Wata uku bai cika ba na baya ya fara ƙara, fedar roba ta tsage, birkin gaba yana gugar taya. Da mai gyara ya kwance cibiyar tayar gaba ya nuna mini a tafin hannunsa: boris a bushe ƙayau, ko ɗigon giris babu, sai jar ƙura. Ya ce, “Malam, haka suke zuwa daga kamfani.” Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don kuɗin guzurina ne na zuba.

To ƙanena, idan kuɗinka kaɗan ne, guji keke mai shokazoba a baya. A wannan farashin nauyi kawai yake ƙarawa, yana shanye ƙarfin ƙafarka, kuma in ya lalace gyaransa wahala ne. Nemi mai sandararren firem, taya inci 26, da birkin roba mai matse rim, wanda kowane mai gyara a bakin titi ya san kansa. A ganina gwanjo mai ƙwari ya fi sabo mai ƙyalli. Ka ɗaga shi ka juya taya ka ga ko tana rawa, ka duba wuraren walda ko akwai tsaga, ka hau ka canza giya ɗaya bayan ɗaya. In ka ga Shimano a jikin abin canza giya, ko da ƙaramin samfurinsu ne na Tourney, ya fi marar suna. Sannan ka kula da ciniki: a nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jika kuma sefa 1000. Mai faci ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi.

Ko sabo ka saya, kada ka fara zirga-zirga sai ka kai an cika masa giris a cibiyoyin taya da gindin feda, an ɗaure notina, an ja wayoyin taya. Bayan sati biyu ko uku ka koma, don wayar birki da ta giya suna saki in suna sababbi.

Sarƙa ita ce inda na fi son ka saurare ni. A gida mun saba a tsiyaya wa sarƙa baƙin mai har ya riƙa ɗiga, a ce an yi wa keke gata. A Damagaram wannan kashe keke ne. Mai yana kama rairayi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran giya a hankali, har ranar da za ka taka feda da ƙarfi ka ji ta zame. Lokacin hunturu, da ƙura take rufe gari har rana ta dusashe, abin ya fi muni. Ni kowace Juma'a da safe nake juya keken a tsakar gida, in ɗauki tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir a murfin kwalba in wanke sarƙar, in bari ta bushe, in ɗiga mai marar kauri kaɗan a kowace gaɓa, sannan in goge da tsumma har sai yatsana ya daina ɗaukar maiƙo. Man da ya shige cikin gaɓoɓi shi ne mai aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa. Ruwa ba ya cikin lissafin, kuma ka san yadda ruwa yake da daraja a garin nan, tsumma mai ɗan laima ya ishi firem.

Sai ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa siririyar tayar da ake sako wa keke mai araha. Da ka samu hali ka canza ta da mai kauri, ka ajiye famfo da kayan faci a jaka, musamman in za ka miƙa hanyar Mirriya. Bayan faci ka shafa cikin tayar da yatsa, sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale. A rairayi rage iska kaɗan yana sa taya ta zauna, amma kada ta yi laushin da rim zai daki dutse. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar shi a rana, faci yana ɗagowa, roba tana tsattsagewa.

In za ka jingine shi, kada ɓangaren giya ya kalli ƙasa ko bango, don ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita saurin lanƙwasa gare shi. Ka sayi kwaɗo da sarƙa mai kauri tun ranar farko, da dare kuma ka shigar da shi cikin gida, ko da zauren maigidanka yana da ƙofa.