Tashi Daga Gidan Haya: Kurakuran Da Ke Jawo Wa Iyali Wahala

Sau huɗu na tashi da iyalina a cikin Kano daga wannan gidan haya zuwa wancan, kuma na kama wa 'yan'uwa da abokai kaya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Kusan duk wahalar da na gani a ranar tashi, makonni kafin ranar aka shuka ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai mota ta tsaya a ƙofar gida sannan ake neman igiya da kwali.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne biyan kuɗin gida da gani ɗaya. Dillali zai kai ka da rana tsaka, ya buɗe maka ɗakuna, ka ga sabon fenti, ya ce, "Alhaji, ka kama kawai, mutum uku ne a kansa." Sai ka ciro kuɗin shekara ka miƙa. Fenti kuwa yana rufe abubuwa da yawa. Ka koma gidan kai kaɗai, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan isha'i. Da safe za ka ga inda mutanen layin suke samun ruwa: famfo ne, ko rijiyar burtsatse, ko kowa jiran ɗan ga-ruwa yake. Ka tsayar da mai kura ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka, da kuma yadda farashin yake komawa a watan Afrilu idan rijiyoyi sun ja baya. Da dare za ka ga su wa ke zama a bakin lungun, ka ji ko akwai injin niƙa ko wurin biki a jikin katangarka. Mai shagon layin da limamin masallacin unguwa za su faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba, musamman dalilin da ya sa wanda ke ciki ya tashi.

Idan da rani kake neman gida, to da idon damina za ka dube shi. Ka ɗaga kai ka kalli silin, tabon ruwa ba ya ɓuya ko an shafe shi. Ka durƙusa ka taɓa gindin bango, in ka ga yana ɓarɓashi ko ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri, danshi ne ke hawa. Ka fito ka kwatanta tsayin dokin ƙofa da na titi da na kwata. Gidan da ya fi titi ƙasa, ruwan watan Agusta a tsakar gidansa zai kwana. Ni na taɓa rasa katifa biyu da buhun shinkafa a dare ɗaya saboda ban yi wannan kwatancen ba, kuma har yau in na tuna yadda muka kwana a tsaye muna kwashe ruwa da bokiti, yara suna kuka, raina yana ɓaci. Ka leƙa banɗaki ka zuba ruwa ka ga ko yana wucewa, ka tambayi yaushe rabon da a kwashe masai.

Kada ka je gani na ƙarshe kafin biyan kuɗi ba tare da uwargida ba. Magidanta da yawa sukan kama gida su biya, matar ba za ta gan shi ba sai ranar da aka sauke ta da kayanta. Alhali ita ce za ta wuni a ciki. Ita za ta lura cewa kicin ɗin ba taga, ko babu wurin shanya, ko tagar maƙwabta na bene tana kallon tsakar gida. Abin da za ta hango cikin minti goma, kai sai ka yi wata uku ba ka gan shi ba.

Sai maganar wuta. Mutane kan duba ko akwai mita, su tsaya nan. Mitar kati ma tana iya ɗauke da tsohon bashi, wanda za a riƙa cirewa duk lokacin da ka sayi wuta. Kafin ka biya haya, ka rubuta lambar mitar ka je ofishin KEDCO (kamfanin rarraba wuta na Kano) mafi kusa, ko na kamfanin da ke kula da jiharku, a duba maka ko akwai bashi a kanta. In akwai, mai gida ya biya ko a cire daga kuɗin haya, a rubuce. Ka kuma tambayi rukunin da layin yake. Tun watan Afrilu na 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin layukan da aka fi ba wuta, kuɗin wuta zuwa sama da naira 200 a kan kowane yunit, tashi daga wata unguwa zuwa wata yana iya ninka maka kuɗin wuta ba tare da ka ƙara ko ƙwan fitila ɗaya ba. In kuma mita ɗaya ake rabawa da wasu 'yan haya, a yi maganar yadda ake karo-karo tun kafin ka shiga.

Kunyar rubutu tana cutar da mu ƙwarai. Mai gida zai ce, "Ka shiga kawai, zan turo a gyara rufin," kai kuma ka ji nauyin ce masa a rubuta. Da zarar kuɗi sun shiga hannunsa, gyaran ya zama sai an ga hali. Hanya biyu ce mai kyau: ko a gama gyara kafin ka biya, ko a rubuta cewa kai za ka yi a cire daga haya, da adadin kuɗin, da shaidu biyu. Takardar ta ƙunshi ranar da haya ta fara, wadda ya kamata ta zama ranar da aka ba ka mukulli. Ka karɓi rasidi na haya daban, na la'ada daban. Ka tabbatar ka ga mai gidan da idonka ko wakilinsa da aka sani, domin an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan gida ɗaya. Kada ka biya alhali tsohon ɗan haya yana ciki bisa alƙawarin zai fita ƙarshen wata, fitar da mutum da iyalinsa ba abu ne na kwana biyu ba. Ranar da ka karɓi mukulli, ka ɗauki hoton duk wani abu da ka tarar a lalace.

Wani abin da ke jefa mutane cikin gaggawa shi ne haɗa ranar ƙarewar tsohuwar haya da ranar fara sabuwa, don kada a yi asarar ko kwana ɗaya. Ka bar tazarar mako guda ko kwana goma da gidajen biyu suke hannunka. A cikin kwanakin nan ne za a wanke sabon gida, a sa ragar sauro a tagogi, a canja kwaɗuna, a yi feshi. Feshin nan ina so in ja kunne a kansa da gaske. Kada a fesa magani mai ƙarfi da yamma a shigo da yara su kwana a ɗakin da dare, kuma kada a kuskura a ajiye ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi a rumbu cikin ɗakin kwana da sunan kashe kuɗin cizo, iskar da take fitarwa tana kashe mutum. A yi feshi gidan yana wayam, a rufe, sannan a buɗe tagogi ya sha iska kwana biyu ko uku, a goge ƙasa. Haka nan a duba katifu da ramukan katakon gado a tsohon gida, kada a yi wa kuɗin cizo rakiya zuwa sabo.

Haɗa kaya a daren tashi shi ke sa a kwashi shara a biya mata kuɗin mota. A fara da mako biyu ko uku, da abin da ba a buƙata kullum: barguna in ba lokacin sanyi ba ne, manyan tukwanen biki, littattafai. Abin da ya mutu a sayar wa 'yan gwangwan, tufafin da yara suka fi ƙarfi a bayar. Amma maigida ya kiyaye, kayan ɗaki na matar ne, iyayenta suka yi mata, ba shi da ikon cewa a zubar da wannan kwalla ko a sayar da waccan kujera sai da yardarta. Na ga gidan da aka yi wata guda ana gaba a kan tsofaffin tasoshin da miji ya bayar, ashe na mahaifiyarta ne mai rasuwa. Kayan tangaran da na gilashi a naɗe kowanne da tsohon zani ko ɗankwali, a sa a ƙaramin kwali. Kaya masu nauyi a ƙananan kwalaye, marasa nauyi a jakar bakko. A rubuta a jikin kowanne abin da ke ciki da ɗakin da za shi.

Gadaje da sif na zamani, waɗanda ake yi da katakon da aka matse, ba sa jure ja da jijjiga. A kira kafinta ya kwance su kwana ɗaya kafin tashi, a zuba kusoshin kowanne a leda a ɗaure a jikinsa, kuma shi wannan kafintan ne zai je ya ɗaura. A auna faɗin ƙofar sabon gida da soro da kwanar shiga ɗaki. Ba ƙaramin baƙin ciki ba ne a kawo kujera mai zaman mutum uku ta ƙi shiga, a bar ta a waje hadari yana haɗuwa.

Takardun makaranta, na haihuwa, katin rigakafin yara, katin zaɓe, takardun fili, da gwal ɗin uwargida, waɗannan ba sa hawa motar kaya. Jaka ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ko a kai su gidan iyaye kwana biyu kafin a tashi. A ranar tashi ƙofa a buɗe take, kowa shiga yake da fita, in abu ya ɓace sai zargi ya faɗa kan wanda ya zo taimako tsakani da Allah.

Ciniki da mai mota ta waya shi ma yana haddasa rigima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane sawu kuɗi ne masu yawa. Ka kawo direban akori-kurar ya ga kayan da idonsa, ya ga lungun da zai shiga a can da nan. In ba haka ba, sai an loda rabi ya ce, "Yallaɓai, wannan ai sawu uku ne." A yanke: sawu nawa, nawa ne kuɗin, 'yan dako a ciki suke ko daban, wa zai biya in an tsayar da mota a hanya saboda lodi. Da damina a tabbatar yana da tamfol. Ka tanadi tsabar kuɗi a hannu saboda 'yan dako, da ruwan sha da abincin waɗanda suka zo kama maka. Wajen zaɓen rana, ka tuna Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga da safe sai ƙarfe goma, ranar Juma'a kuma ana rufe hanyoyin kusa da masallatai da azahar. A fara lodi bayan sallar asuba, a gama saukewa da sauran rana. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida, ɗaya ya bi mota, ɗaya ya karɓa a can. Ƙananan yara a kai su gidan kaka ko gwaggo su wuni.

Firji a kashe shi tun daren jiya ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an sauke a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna. Tukunyar gas a rufe ta, a cire tiyo, ta tafi a tsaye nesa da janareta, shi kuma a juye man da ke cikinsa. Kayan sola mai haɗawa ne zai kwance. Mai kiwon tattabaru ya rufe su a sabon gida na wasu makonni, in ba haka ba tsohon gida za su koma.

Akwai jaka guda da kusan kowa ke mantawa, ta daren farko: tabarma, gidan sauro, buta, fitila, cajar waya, ashana, tukunya ɗaya, kofuna, maganin wanda ke shan magani, kayan makarantar yara. Ita za a loda a ƙarshe, a fara saukewa. Maganar makaranta kuwa, in da hali a daidaita tashi da hutun ƙarshen zango, kuma a nemo wa yara boko da islamiyya tun kafin a koma, a lissafa kuɗin adaidaita sahu na kullum in za su ci gaba da zuwa tsohuwar.

Na bar maganar mutane a ƙarshe don ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka sanar da tsohon mai gidanka da wuri, ka share masa gidansa, ka toshe ramukan ƙusa, ka miƙa mukulli hannu da hannu a gaban shaida. Ka biya mai shago da mai ruwa bashinsu. Uwargida ta daidaita maganar adashinta, ta karɓo aron da ta bayar, ta mayar da wanda ta karɓa. Ku bi maƙwabta gida-gida ku yi sallama, ku nemi yafiya, har da wanda kuka taɓa saɓawa da shi a kan kwata ko faɗan yara. A sabuwar unguwa kuma, cikin kwana biyun farko ka je ka gaida mai unguwa ka gabatar da kanka, ka tsaya bayan sallar magariba ka gaisa da jama'ar masallaci, ka tambayi yadda ake biyan kuɗin 'yan sintiri da ranar da mai kwasar shara yake zuwa.