Yadda na gyara wa ƙanwata kuskuren "to" bayan see da hear

Ƙanwata tana shirin jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a nan Yamai, kuma sau uku malaminsu na Ingilishi yana ja mata jan layi a wuri guda. Ta rubuta "I saw him to cross the bridge." Da na duba littafinta sai na gane inda gizo ke saƙar: daga Faransanci take ɗaukowa. An koya mata cewa traverser shi ne to cross, sai ta kwaso shi duka.

Na maimaita mata ƙa'idar har na gaji: bayan see, hear, watch, feel da notice, aikatau na biyu ba ya ɗaukar "to". Washegari ta sake mayar da shi.

Sai na koma Hausa. Na ce, "Ƙanwata, wanda ya tsaya bakin gadar Kennedy, me ya bambanta 'na gan shi ya tsallaka' da 'na gan shi yana tsallakawa'?" Nan take ta ce na farko ya kai ƙetare a idonka, na biyu yana tsakiya ka hango shi. Na ce to, na farko "I saw him cross", na biyu "I saw him crossing". Ta yi shiru, ta ɗauki biro, ta rubuta "I heard the baby crying" da kanta.

Wuri ɗaya na ja mata kunne: idan jimlar ta juya, wato wanda aka gani ya koma farkonta, "to" yana dawowa, "He was seen to cross." Shi na sa ta rubuta a bangon littafi.