Yadda gidanmu ke samun fita yawon buɗe ido duk da hidima

Ni malamar makaranta ce a Tudun Wadar Kaduna, maigidana kuma yana da shagon yadi a Kasuwar Barci. Yaranmu huɗu. Mun shekara biyar muna cewa "in an samu sarari za mu kai yara su ga gari", sararin bai taɓa zuwa ba. Yau biki, gobe suna, jibi ta'aziyya. Da muka gaji, sai muka sauya dabara.

A fara da tsayar da rana, kafin ma a san inda za a. Mu Juma'ar farko ta kowane wata biyu muka ɗauka. Tun ƙarshen 2021 da gwamnatin jiha ta mayar da ranakun aiki huɗu, Juma'a ta zama tawa, Islamiyyar yara ma hutu take yi Alhamis da Juma'a. Maigida yakan bar wa yaronsa shago. Idan an kawo katin biki ya faɗo a ranar, nakan je wuni kafin nan, in kai gudummawata, in ba da haƙuri. An ɗan yi gunaguni a dangi, daga baya aka saba.

Sai kuɗi. Kada ku haɗa su da na cefane, wallahi za su narke. Na shiga adashe da abokan aikina, na roƙi uwar adashe ta riƙa ba ni kwasata daf da hutun ƙarshen zango. Ba a taɓa kuɗin nan ko da an fitar da anko.

Kada a raina kusa. Fitarmu ta farko ko Kaduna ba mu bari ba: Arewa House muka je, gidan Sardauna, daga nan muka wuce lambun shaƙatawa na Gamji, yara suka ga tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Ta biyu Zariya, kilomita kusan 80. Mun tashi da hantsi, muka zaga ganuwa, maigida da samarin suka yi sallar Juma'a a masallacin ƙofar fada wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Autata har yau zancen dawakin fada take yi, alhali ni rawunan dogarai ne suka tafi da hankalina.

Tafiya mai nisa sau ɗaya a shekara ta isa. Bara jirgin ƙasa muka hau daga Rigasa zuwa Abuja, layin da aka buɗe a 2016. Ku sayi tikiti da wuri, ku kuma isa tasha da wuri, don hanyar Rigasa ba ta rabo da cunkoso.

Guzuri daga gida: dambun nama, cincin, dafaffen ƙwai, zoɓo a gora. Abincin hanya na mutum shida ya kusa kuɗin mota.

Batun tsaro kuwa ba na wasa da shi. Kafin mu kama kowace hanya sai maigida ya tambayi direbobin tashar Kawo halin da ake ciki, kuma duk inda muka je, magariba a gida take riskarmu ko a masauki. Shi ya sa har yanzu ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse, na kusa da Kafanchan, yana rubuce a kalandar ɗakin girkina, muna jiran hutun Disamba.