Yadda ake yi wa tumatir aure da saiwar gauta

Manomin da ya kafa rumfar leda a yankin Bakolori, a Talata Mafara ko Bakura, ƙasa ɗaya yake maimaitawa shekara da shekaru, cuta kuwa tana ta taruwa a cikinta. Tumatir ya kwana kore shar, rana na takewa ya yi yaushi, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Ka yanki karan ka tsoma a gilashin ruwa mai tsabta. In ka ga wani farin abu yana tsiyaya kamar zare, cutar cikin ƙasa ce, kuma feshi ba ya maganinta. Mafita ita ce aure irin na mangwaro: kai na tumatir, saiwa ta gauta.

Amma ba kowace gauta ba. Nemi iri mai jure wannan cuta, kamar EG203 na Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan, wanda yake jure tsutsar da ke sa saiwa ƙulli, da kwanciyar ruwa.

Shuka gautar kwana 3 kafin tumatirin, saboda tumatirin ya fi ta saurin girma. Ana so kaurin karansu ya zo ɗaya, kusan milimita 2, da ganye biyu ko uku.

Da yamma, a inuwa, wanke hannu ka ɗauki sabuwar reza. Yanke gautar a karkace daga saman ganyenta na fari, ka yar da kan. Yanke tumatirin daidai da wannan karkata. Zura su cikin guntun robar bawul ɗin keke, tsawon santimita 1, har fuskokin yankan su manne ba rata.

Jinyar ita ce wuyar aikin, musamman a zafinmu na bazara. Dashen ba ya iya jan ruwa tukuna, iska kaɗan ta busar da shi. Sa shi cikin ƙaramar rumfa mai rufin leda, ka lulluɓe da baƙar raga, ka ajiye tasar ruwa a ƙasa don laima. Kada zafi ya wuce digiri 32. Kwana 4 ko 5 kada ka yawaita leƙawa. Daga nan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har mako guda.

Wajen dasawa, mahaɗar ta tsaya sama da ƙasa. In ka binne ta, tumatirin zai fitar da tasa saiwar, cutar ta shiga, wahala ta tashi a banza. Duk tohon da gautar ta yi, cire shi.

A ƙasa mai cuta auren yana ceton amfani ƙwarai. A lafiyayyar ƙasa kuwa, ba lallai kwandunanka su ƙaru ba, ni ba zan ce ka wahalar da kanka ba. Ɗanɗano yakan ɗan sauya gwargwadon saiwar, don haka gwada layi kaɗan tukuna. Kuma aure ba ya hana tsutsar sharon cin ganye da 'ya'ya.

Don Allah, kada kowa ya yi auren da zaƙami, duk da danginsu ɗaya kuma yana kamawa. Gubarsa a saiwa take haɗuwa, ta hau har cikin 'ya'yan. A Japan an kwantar da mutane asibiti bayan sun ci gautar da aka aura da shi. Taba ma haka take, sinadarin nikotin ɗinta yana hawa cikin tumatirin.