Gwajin haske da furotin a ganye: inda ɗalibai suke yawan tuntuɓe

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe sai sun yi wannan gwaji, kuma rami ɗaya suke faɗawa. A shuka wake, rabi a rana, rabi a inuwa, a auna furotin, a rubuta cewa haske ne ya kawo bambanci.

Daga inuwar ake fara ɓata aiki. Wanda ya lulluɓe shuka da baƙar leda, ko ya tura ta ƙarƙashin rumfar kwano, ba haske kaɗai ya rage ba. Ya sauya zafi, ya tare iska, ya ƙara danshi, to wanne daga ciki zai ɗora wa sakamakon? Abin da nake sa a yi shi ne a kafa ragar inuwa mai rage kashi 50, da wata mai rage kashi 75, kamar rabin mita sama da shuka, gefe a buɗe, da ma'aunin zafi a kowane rukuni. Tukwanen rana sun fi saurin bushewa, don haka da sikeli ake ban ruwa. Manhajar waya mai auna haske da ma'aunin lux kuwa, don idon mutum aka tsara ta. Ganye yana aiki da hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700, wanda da tsakar rana yakan kai maikromol 2000 a murabba'in mita cikin daƙiƙa.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi, don sai an gama wahala yake ɓata komai. Ganyen rana kauri gare shi, ya fi tara Rubisco, furotin ɗin da ke kama iskar kabon, amma kuma cike yake da sitaci. Na inuwa siriri ne. Idan ka raba furotin da nauyin busasshen ganye kawai, sitacin nan zai dusashe lissafin, har na inuwa ya yi kamar shi ne gaba. Sai ɗalibi ya hau murna wai ya gano sabon abu. Haba! Yanki fayafai goma na ganye masu faɗin santimita ɗaya, ka ba da sakamako bisa faɗin ganye da kuma bisa nauyi.

Ka riƙa tsinka a lokaci ɗaya, ni ƙarfe tara na safe na fi so, domin sinadarin da ke sarrafa naitiret yana lafawa cikin mintoci idan duhu ya shiga. Ɗauki ganye mafi ƙuruciya da ya gama buɗewa, ka jefa shi cikin ƙanƙara nan take. Kada ka gwama wake da masara, masara ba ta tara Rubisco kamarsa. Shukar da ba ta samun naitirojin, ko an zuba mata haske, furotin ba zai ƙaru ba. Ninka naitirojin da aka auna da gwajin Kjeldahl da 6.25 don samun yawan furotin yana ƙirga har abin da ba furotin ba.

Hanyar Bradford ma, wadda ake auna furotin da rini a nanomita 595, yawan furotin da ke cikin ganye take nunawa. Wanda ya auna sau ɗaya kada ya rubuta cewa ya auna saurin ƙera shi.